Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan 'ya'yanmu da ke karatu a ƙasar Malesiya, musamman waɗanda ke zaune a wani yanki na birnin Kuala Lumpur da a ke kira Cheras. Iyaye a zongon nan sun san sunan, gama can su ke aika da kuɗin makaranta da na haya. Wani ya sayar da shanu, wani ya taɓa jarin goro ko na atamfa, wani kuwa gwamnati ce ta ɗauke masa nauyi, kamar yadda gwamnatin Jihar Kano ta aika da ɗalibai masu yawa ƙasashen waje, har da Malesiya, tsakanin 2012 da 2015. In aka haɗu a bakin rumfa, tambaya ɗaya a ke yi: yaushe yaron zai gama? Ba safai mu ke jin wanda ya ce, to, in ya gama ina zai sami aiki, kuma me ya tanada domin nemansa? Wannan tambaya ta biyu ita ce ta sa mu ka ɗauki alƙalami.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Cheras yanki ne babba a kudu maso gabashin birnin, wani sashe a cikin Kuala Lumpur, wani a Jihar Selangor. Ya bi wata doguwar hanya da ta nufi garin Kajang, har a kan kira unguwanninsa da lissafin mil, a ce Batu 9, Batu 11. A nan Jami'ar UCSI ta ke, a Taman Connaught, inda a ke cin kasuwar dare kowace Laraba. A nan kuma babban asibitin koyarwa na Jami'ar Kebangsaan ya ke. Tun 2017 jirgin ƙasa na cikin gari ya ratsa yankin. Yaro ya shiga a Taman Connaught, jim kaɗan sai ga shi a Bukit Bintang ko Tun Razak Exchange, tsakanin dogayen benaye na bankuna da kamfanoni. To, a nan ruɗin ya ke. Ido ya ga ofis kusa, sai zuciya ta ɗauka aikin ma kusa ya ke.

Alhali kuwa tsakanin ɗalibi baƙo da waɗannan ofisoshi akwai doka, kuma dokar ba ta wasa. Takardar zaman da a ke manna wa ɗalibi a fasfo ta karatu ce kurum. Abin da ta yarda masa shi ne ya yi ɗan aiki na awa ashirin a mako, shi ma sai lokacin hutu wanda ya wuce kwana bakwai, a gidan abinci, ko gidan mai, ko ƙaramin kanti, ko otal, kuma sai makarantarsa ta nema masa izni wurin ma'aikatar shige da fice. Ko a waɗannan wurare ba a yarda ya zauna kan akwatin kuɗi ba. Ran da karatu ya ƙare, makaranta ce da kanta za ta kai fasfonsa a soke takardar, a ba shi kwanakin da zai haɗa kayansa. Wanda ya wuce kwanakinsa ya faɗa hannun Dokar Shige da Fice ta 1959/63, wadda ta tanadi tara da ɗauri har na shekara biyar, sa'an nan a kore shi, a hana shi komowa.

Takardar aiki kuwa daban ta ke, kuma ba mai neman aiki ke nemo ta ba. Kamfanin da ya ɗauke shi ne zai kai buƙata gaban gwamnati. Kafin haka, tun daga 2021, yawancin kamfanoni sai sun fara tallan gurbin a dandalin gwamnati mai suna MYFutureJobs, don 'yan ƙasa su fara nema. Akwai kuma ƙa'idar albashi. A tsarin 2017 takardar ta kasu gida uku, na ƙasa duka ya fara daga ringgit 3,000 a wata, na sama daga 10,000, kuma gwamnati tana sake wannan adadi in ta ga dama, saboda haka sai a duba na ranar. A gwada shi da mafi ƙarancin albashin ɗan ƙasa, wanda aka kai ringgit 1,700 a watan Fabrairu na 2025. Bayan wannan, ƙa'idar da aka saba bi ita ce mai digiri ya zo da shaidar aikin shekara uku a fanninsa. Ka ji fa! Yaron da ya fito daga aji jiya, ina ya ga shekara uku? Watau kamfani ba zai ɗauki wannan ɗawainiya duka ba sai ya ga a wurin baƙon wani abu da ya rasa a wurin 'yan gida.

Ba mu ce ba a samu ba. A kan samu, kuma mun lura da irin ƙofar da a ke shiga. Kamfanonin da ke Cyberjaya da cikin Kuala Lumpur, masu yi wa ƙasashen duniya hidima ta waya da kwamfuta, su kan nemi mai jin harshen da ɗan Malesiya ba ya ji. A nan ɗan zongo ya ke da jari wanda bai san yana da shi ba. Wanda ya tashi a Lome ko Yamai ko Maraɗi yana da Faransanci. Wanda ya zauna gaban malam ya sauke littattafai yana da Larabci. Mun ga samari suna cika takardar neman aiki da sunayen darussan da kowa a ajinsu ya yi, su bar waɗannan harsuna a ƙasan shafi kamar abin kunya, ko su manta da su ɗungum. Wannan wauta ce. Haka kuma watannin koyon aiki da jami'a kan tura ɗalibi wani kamfani kafin ya gama: yawanci su ne kaɗai lokacin da Basine ko Bamale mai kamfani zai ga hannunsa da idonsa. Wanda ya ɗauki watannin nan hutu, ya riƙa zuwa a makare yana danna waya, ya zubar da ganawarsa ta fari tun ba a kira shi ba.

Abin da mu ke gani dai shi ne, shekara guda kafin a gama, yaro ya zauna da iyayensa, ko ta waya ce, a yanke magana: a can zai nema, ko gida zai komo? In a can ne, a sa wa neman iyaka, kuma iyakar ita ce ranar da ke rubuce a fasfo. In ranar ta matso ba kamfanin da ya sa hannu, a sayi tikiti. A nan sai mun juyo kanmu, mu iyaye. Sau da yawa ba yaron ne ke son ya maƙale ba. Daga gida a ke ce masa, kai wane, kuɗin da aka kashe a kanka fa? Ɗan gidan wane yana can yana aiko da kuɗi, kai za ka komo hannu biyu? Da irin wannan magana a ke tura yaro mai hankali ya sake yin rajista a wata ƙaramar kwaleji wadda ba ya shiga aji, don dai a sabunta masa takarda, ko ya ɓuya a ɗakin aboki yana tsoron kowane ƙwanƙwasa ƙofa. Uban da ya matsa haka, in labari ya zo maras daɗi, kada ya ce bai san mafari ba.

Yaron da aka matsa kuwa shi ne abincin 'yan damfara. Shekarun nan an sami wani irin tallan aiki da ke yawo a Facebook da Telegram da WhatsApp: aikin kwamfuta a Tailan ko Kambodiya, albashi da dala, gida kyauta, tikiti kyauta, ba a bukatar gogewa. Har ganawa su ke yi da mutum ta bidiyo, da kwat da lakitaye, a tambaye shi saurin buga rubutu, a ce ya ci. In ya sauka Bankok sai a sa shi a mota a ƙetare da shi kogi zuwa Myawaddy ta ƙasar Bama, ko a kai shi Sihanoukville, a karɓe fasfo, a kulle shi a gida mai masu gadi, a tilasta masa yaudarar mutane ta intanet, in ya ƙi a doke shi. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto a watan Agusta na 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 ke cikin wannan hali a Bama, kimanin 100,000 kuma a Kambodiya. A watan Fabrairu na 2025 da aka fito da waɗansu daga cikinsu ta kan iyakar Tailan, an ga 'yan Habasha da 'yan Kenya da na waɗansu ƙasashen Afirka a ciki. Daga Kuala Lumpur zuwa Bankok tafiyar awa biyu ce a jirgin sama. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk mai ɗaukan aikin da ya ce a fara biyansa kuɗi, ko ya ce a shigo da bizar yawon buɗe ido za a gyara daga baya, ko ya nemi ya riƙe fasfo, a rabu da shi. A Malesiya ma riƙe fasfon wani ba da izni ba laifi ne a ƙarƙashin Dokar Fasfo ta 1966.

To, mu komo kan wanda zai dawo gida, gama shi ne mafi yawa. Shirinsa na fari na takardu ne, kuma a Cheras a ke yinsa, ba a Kumasi ko Kano ba. Kada ya hau jirgi sai ya karɓi takardar shaidar digiri ta asali, da takardar sakamakon darussa duka, da wasiƙar da aka ɗauke shi da ita tun farko. Ya duba ko darasin da ya yi yana cikin rajistar hukumar MQA, wadda ke tantance karatun manyan makarantu a Malesiya tun 2007. Ya kai takardun a buga musu hatimi a ma'aikatar harkokin waje da ke Putrajaya, da ofishin jakadancin ƙasarsa a Kuala Lumpur. Abin da zai gama cikin mako guda da kuɗin jirgin ƙasa, in ya bari sai ya iso gida, zai ci masa wata shida da roƙon abokai. Tsohon fasfo kuma kada a yar, ko ya cika. Hukumar bautar ƙasa ta Nijeriya, NYSC, tana neman ganin biza da hatimin fita da na komowa kafin ta karɓi wanda ya yi karatu a waje, bayan Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta auna takardarsa. A Gana hukumar GTEC ke wannan awo. Likita yana da jarrabawar hukumar likitoci a gabansa, injiniya yana da rajistar tasa. An ƙara tsanantawa tun da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna, a watan Disamba na 2023, yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida, har gwamnatin Nijeriya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo a farkon 2024. Laifin waɗansu ya sa yanzu kowace takardar waje sai an juya ta gaba da baya.

Sa'an nan ya tambayi kansa: me na gani a ƙasar nan wanda a ke nema a gida? Malesiya ta kafa asusun tara kuɗin aikin hajji, Tabung Haji, tun 1963, ta buɗe Bank Islam a 1983. A Nijeriya bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, gwamnati ta fitar da sukuk na fari na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, hukumar alhazai kuma ta fara nata asusun adashen hajji a 2020. Wanda ya karanta lissafin kuɗi a Cheras, ya fita bai leƙa yadda waɗannan ke tafiya ba, ya yi asara. Haka maganar manja. Itacen nan namu ne na Afirka ta Yamma, a 1917 aka fara shuka shi don ciniki a Selangor, yau Malesiya ce ta biyu a duniya bayan Indunusiya, mu kuwa muna sayowa. Gonakin Benso da Twifo da Kwae suna nan a Gana. Mu da su shekara guda mu ka sami mulkin kai, Gana a watan Maris, Malaya a watan Agusta na 1957, amma wannan zance ne na wata rana.

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda samari ke kira sibi, kada ta wuce shafi biyu, kuma kada a sa abin da ba a yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yau da mai ɗaukan aiki zai aika wa jami'a saƙo da safe ya sami amsa kafin la'asar. A can Malesiya sunan ɗan Afirka ya riga ya sha ɓaci saboda 'yan damfara kaɗan, har masu gidajen haya su kan juya wa baƙar fata baya. Ƙarya guda a takarda ba mai ita kaɗai ta ke cuta ba, ta rufe ƙofa ga wanda ke biye. Game da masu tsaya wa mutum kuwa, mu 'yan zongo ba sai an koya mana ba. Tun zamanin kasuwar Salaga, baƙon da ya zo da shanu ko ya zo sayen goro ba ya ciniki sai ya sauka wurin mai gida, shi ne zai ce na san shi, a ba shi bashi. Ba a neman mai gida ran da ciniki ya faɗa. Malamin jami'a da zai rubuta wa yaro wasiƙar shaida, sai wanda ya san fuskarsa tun shekara ta biyu, ya ga aikinsa, an kuma nemi izninsa kafin a sa sunansa.

Ranar ganawa, wadda a ke kira intabiyu, kowace ƙasa da ladabinta. A Kuala Lumpur a kan ce wa namiji Encik, matar aure Puan, wanda ke da sarauta kuwa a kira shi da ita, Datuk ko Tan Sri. Bamale ba shi da sunan dangi. Ahmad bin Ismail, Encik Ahmad ne, Ismail ubansa ne. Basine kuwa sunan danginsa ke fara zuwa. Katin suna da hannu biyu a ke karɓarsa, a duba shi kafin a ajiye. Wanda ba ya musafaha da mace ba zai sha wuya a can ba, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, sun san wannan sarai. Maganar sallar Juma'a ma ba abin ɓoyewa ba ce, ofisoshi sun saba da ita, amma a bari sai an zo kan lokutan aiki. Tambayar da ba ta wuce baƙo ita ce ta takardar zama, yaushe za ta ƙare. A faɗi ranar daidai. Kalma goma ta harshen Malay a bakin wanda ya shekara huɗu a ƙasar tana da amfani. Rashinta kuma a kan lura da shi.

Akwai wani abu guda da tarbiyyarmu ke jawo mana a irin wannan zama. Mun koya wa 'ya'yanmu su sunkuyar da kai gaban babba, kada su yabi kansu, in an tambaye su su ce sai abin da ku ka gani. A zaure wannan ado ne. A gaban masu ɗaukan aiki kuwa, mutum uku da ba su san ubanka ba, kuma minti ashirin kaɗai su ka ba ka, shirun nan sai su ɗauka rashin sani ne. Ba cika baki mu ke nufi ba. Mai goro in ya buɗe huhu ya ce wannan fari ne, na bana ne, ba ƙwaro, ai bayani ya yi. Haka yaro zai ce ga aikin da aka ba ni a kamfani kaza, ga yadda na yi, ga abin da ya fito. Ya tanadi irin wannan labari biyu ko uku, gajeru, na gaskiya, har da wanda abin bai yi kyau ba da yadda ya gyara. Ya san abin da kamfanin ke sayarwa da wanda ke saye. In aka tambayi albashin da ya ke so, ya faɗi adadi wanda ya bincika. Cewa ko nawa ku ka bayar ba ya sa a ga girman mutum. In ganawar ta bidiyo ce da wani ofis na gida, a lura da agogo: ƙarfe goma na safe a Akra ƙarfe shida na yamma ne a Cheras, goma ta Kano kuwa biyar ce. 'Yan matanmu da ke can, wannan magana duka har da su, kuma su sun fi bukatar a ce musu su ɗaga murya a ji.

Saura mu da ke gida. A zongon nan akwai dattawan da su ka shekara talatin suna ɗaukan yaran shago da direbobi da akawu, kallo ɗaya su ke yi wa mutum su san ko za a ba shi mabuɗi. Akwai kuma 'ya'yan zongo da ke aiki a banki da asibiti da ofisoshin gwamnati. Me zai hana uku-uku su zauna a zaure bayan la'asar, a kira ɗalibi ta waya, a yi masa tambayoyi kamar da gaske, a gaya masa inda ya yi tuntuɓe? Gara ya ji kunya gaban kawunsa da ya ji ta gaban manaja. Masu shigo da kaya daga Asiya su ma su duba: yaron da ya san tashar Port Klang, ya san yadda a ke magana da Basine mai masana'anta, ya iya karanta takardar kwastan, kada a bar shi yana yawo da ambulan a Akra ko Abuja alhali ana biyan wani dillali a waje.

Duk mai ɗa ko 'ya a Cheras, ko a Kajang, ko Gombak, ko Cyberjaya, muna roƙonsa a makon nan ya kira, ya ce a buɗe fasfo a karanta masa ranar da takardar zama za ta ƙare. Ya rubuta ranar a littafin da ya ke rubuta bashi.

Wassalam.